Masu bincike da ke shigowa unguwanninmu, ina sakamakon yake zuwa?

Baban_Hafsat_Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, yau dai bari in fitar da shi. Tun ina yaro nake ganin masu bincike suna shigowa Nima da Maamobi a nan Accra. Wasu su zo da takardar tambayoyi: mutum nawa ke kwana a ɗaki, ina kuke ɗiban ruwa, wa ya yi zazzaɓi a watan nan. Wasu su zo da ludayi suna kamfatar ruwan da ya kwanta a bayan gida suna ɗurawa a 'yan kwalabe. Wasu kuma jini suke so. Mu karɓe su hannu bibbiyu, mai unguwa ya haɗa su da yaron da zai zagaya da su, su gama su tafi. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ya tara mu ya ce ga abin da muka gano ba. To wa binciken nan yake amfana? Mu, ko masu neman digiri da Turawan da ke ba su kuɗi? Don ni dai sauro na nan, kwata na nan, zazzaɓi na nan.

Mai_Trotro_Circle:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka riga ni faɗa. Sabulu guda da lemon kwalba, a ɗauki hoto, shi ke nan an sallame ka.

Anti_Rabi_Nas:
Yaya Baban Hafsat, batun rashin dawowa da sakamako ba ni da ja a kai, ni ma yana ba ni haushi. Amma cewa ba mu amfana ba, a nan kam ka yi haƙuri. Idan amfanin ya iso babu mai gaya mana daga inda ya fito, sai mu ɗauka gwamnati ce kawai ta ga dama. Gidan sauro mai magani da muke ba mata a wajen awo, a ƙauyukan Navrongo aka gwada shi, sakamakon da ya fito a 1996 ya nuna mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin 100 a inda aka rataya shi. Kafin wannan, a yankin Navrongo ɗin dai, aka gwada bitamin A, mutuwar yara ta ragu da wajen kashi 19 cikin 100. Shi ne ɗan kwanson nan ja ko shuɗi da muke yanke wa baki mu ɗiga wa yaro. Iyayen da suka yarda aka gwada a kan 'ya'yansu ba su san Hafsat ba, amma ta ci moriyarsu.

Haka allurar rigakafin maleriya. An yi babban gwajinta a ƙasashen Afirka da dama, cikinsu har da Kintampo da Agogo a nan Ghana. A 2019 aka fara bayar da ita a wasu gundumomi na Ghana da Kenya da Malawi, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a faɗaɗa. Ta biyun kuma, R21, Ghana ce ƙasar farko a duniya da ta amince da ita, a watan Afrilun 2023. Ba ta hana zazzaɓi gaba ɗaya, sau huɗu ake yi, kuma dole a ci gaba da kwana cikin gidan sauro. Amma a inda aka fara bayar da ta farkon mutuwar yara ta ragu da kashi 13 cikin 100.

Alhaji_Sabon_Zango:
'Yata Rabi, Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani. Amma ku yaran yanzu ba ku san abin da ya sa dattawa ke ɗari-ɗari ba. Ni ina fataucin goro zuwa Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Kamfanin Pfizer ya je ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara, su 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Labarin nan babu Zangon da bai shiga ba, daga Ankara, wato Accra, har Bawku.

Sadik_Legon:
Baba Alhaji, gaskiya kuka faɗa, kuma a ajinmu ma ana koyar da abin da ya faru a Kano a matsayin misalin yadda ba a yi. Sai dai ku duba abin da tsoron ya haifar daga baya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta bazu zuwa ƙasashe maƙwabta, har nan Ghana ta shigo. Yaran da suka shanye ba su da laifin komai.

Yanzu a ƙasar nan ba a gwada magani ko allura a kan mutum sai hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta ba da izini, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ce ta ba ta wannan iko. Sannan akwai kwamitin da'a da ke duba kowane bincike kafin a taɓa kowa. Dole a yi maka bayani, dole ka yarda da kanka, kana da damar cewa a'a, kuma ko ka fara kana iya janyewa ba tare da an hana ka magani ba. A 2015 ma an so a gwada allurar Ebola a Hohoe, mutane suka yi ca, majalisa ta sa baki, gwajin bai gudana ba. Ni a ganina asara aka yi a nan, amma ya nuna cewa ba a yin abin a ɓoye.

UmmuKhalid_Madina:
Sadik ƙanena, a takarda haka yake. Ni an taɓa kawo wa mahaifiyata irin takardar nan, shafi wajen nawa, duk da Turanci. Wanda ya zo da ita ya fassara mata da yaren Twi a tsaitsaye, ita kuwa Twi ɗinta na cinikin kasuwa ne. Ta dangwala yatsa don kunyar baƙo. Da na dawo na tambaye ta me ta yarda da shi, sai ta ce wai za su duba mata hawan jini. Wannan ita ce yardar?

Sadik_Legon:
A'a Yaya, ba ita ba ce. Ƙa'ida ta ce a yi bayani da harshen da mutum yake ji, in ba ya karatu a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken, kuma a bar masa kwafin takardar mai ɗauke da lambar kwamitin da'a. Wanda ya zo muku ya yi ha'inci.

Maman_Nura_Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni ba boko mai zurfi na yi ba, abin da na gani da idona zan faɗa. Ɗana sikila gare shi. Tun yana jariri aka ɗiga jinin dundunniyarsa aka gano, kafin ya taɓa yin ciwo ko sau ɗaya. Aka sa shi a kan maganin penisilin kullum, aka koya mini yadda zan taɓa cikinsa in ji ko saifa ta kumbura, aka ce zazzaɓi ko kaɗan ne kada in tsaya jiƙe-jiƙe, in kawo shi. Yanzu yana sakandare. Yayata kuwa ta binne biyu a ƙauye, ana ta cewa iska ce, ana cewa maita. Gwajin jarirai ɗin nan a nan Kumasi aka fara shi a 1995, marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ne ya kawo, shi ma ɗansa sikila ne. Lokacin da aka fara, bincike ne. Da iyayen farko sun ƙi, da ban san inda Nura yake yau ba.

Dan_Asawase:
Allah ya ƙara masa lafiya Maman Nura. Amma ni gwajin jinin nan kafin aure ne bai kwanta mini ba. Mutum ya nemi yarinya shekara da shekaru, an kai goro, sai takarda ta raba su. Ina tawakkali?

Anti_Rabi_Nas:
Dan Asawase, takarda ba ta raba kowa, sani take ba ka, sai ka zaɓa. In kai AS ne ita ma AS, kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Ka lura, kowane ciki na ce. Ba wai in kun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba, ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. A nan Ghana kuma akwai nau'in C da yawa, musamman mutanen arewa, don haka AS da AC ma suna iya haifar SC. Wajen jariri ɗaya cikin 50 da ake haifa a ƙasar nan yana zuwa da cutar. Shawarata a yi gwajin tun kafin magana ta je gaban manya.

Malam_Tanko_Makaranta:
Neman sanin abin da ke jikinka bai saɓa wa tawakkali ba, ɗana. Limamai da yawa yanzu sai sun ga takardar kafin su ɗaura. Ni kaina ina tambaya.

Hajiya_Mai_Sassaƙe:
To duk kun koma kan maganin asibiti. Mu da muka gaji saiwa da sassaƙe fa? Kakata da ganyen dogonyaro ta raini 'ya'yanta. Masu binciken nan raina mu suke yi, sai sun gama zagin abu su dawo su sa shi a kwalba su sayar mana da tsada.

Sadik_Legon:
Hajiya, ba duka ne ke raina ku ba. A Mampong ta Akuapem akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa tun 1975, Dakta Oku Ampofo ne ya assasa ta, likitan asibiti ne da ya zauna da masu maganin gargajiya ya koya daga gare su. Saiwar nibima da ake sha don zazzaɓi suna cikin waɗanda suka yi aiki a kanta. A jami'ar KNUST ta Kumasi ma akwai digiri sukutum na maganin gargajiya. Kuma maganin maleriyar da ake bayarwa a asibiti yau daga wani ganye dangin tazargade aka ciro shi a Chaina, matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin da bincike ke ƙarawa shi ne awo: nawa za a sha, kwana nawa, me yake yi wa hanta da ƙoda, mai ciki za ta iya sha ko a'a.

Mai_Trotro_Circle:
Irin masu shiga motata da safe kenan, kwalba ɗaya tana maganin basir da ciwon suga da rashin haihuwa da mugun mafarki. Hajiya ban da ke fa.

Hajiya_Mai_Sassaƙe:
Waɗannan 'yan kasuwa ne, su suka ɓata mana suna. Ni in abu ya fi ƙarfina cewa nake a tafi asibiti. Sadik, in mutum ya kai nasa haɗin Mampong za su auna masa? Kuma wa ya tabbatar mini ba za a kwashe sirrin ba?

Sadik_Legon:
Suna aunawa Hajiya, ana biya, kuma irin wannan sakamakon ake haɗawa a nemi rajistar FDA. Batun sirri kuwa, kafin ki miƙa komai ki nemi a rubuta yarjejeniya, ki tafi da wanda ya iya karatu.

Injiniya_Bashir:
Bari in koma kan masu ludayi da Baban Hafsat ya ambata, don akwai gyara a maganar kwata. Sauron da ke ƙyanƙyashewa a baƙin ruwan kwata mai wari yawanci ba shi ne mai kawo maleriya ba, wani iri ne, mai kuka a kunne da hana barci. Mai maleriya ya fi son ruwan da ya ɗan kwanta: ramin da aka haƙa a wurin gini, sawun taya bayan ruwan sama, kwalbatin lambu. Masu ludayin tsutsar sauro suke kamfata su je su raina ta su ga wane iri ne, kuma maganin feshi yana kashe shi ko ya daina.

Ta irin wannan aikin ne aka gano wani baƙon sauro a Accra, aka sanar a 2023, a Tuba da Dansoman. Asalinsa daga Indiya da ƙasashen Larabawa, a 2012 aka fara ganinsa a Jibuti, bayan zuwansa maleriya ta yi mummunar ƙaruwa a can. Abin tsoronsa shi ne ɗan birni ne, a cikin tanki da durom da rijiyar siminti yake haihuwa. To ku faɗa mini gida nawa ne a Nima babu durom na ajiyar ruwa, tunda famfo sai ya ga dama yake zuwa?

Baban_Hafsat_Nima:
Ka gani ko, Injiniya! Ka ƙarfafa maganata ne ai. Abu mai muhimmanci haka, a zauren waya zan ji shi? Me ya hana wanda ya kamfaci ruwan ya dawo ranar Juma'a a ba shi minti biyar bayan sallah ya ce jama'a ku rufe duromanku, ga dalili? Anti Rabi na karɓi bayaninki, an amfana. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ana ɗaukarmu wurin ɗiban samfur ne, ba mutanen da za a yi magana da su ba.

Zulai_Tek:
Kawu, ni ɗaliba ce, na taɓa raka masu irin wannan aikin a matsayin tafinta. Dalilin ba koyaushe raini ba ne. Kuɗin aikin yakan ƙare kafin sakamako ya fito, a rubuta shi da Turanci mai wuya a wata mujallar waje, ɗalibin ya kama aiki a wani gari. Ba uzuri nake ba su ba. Amma mu ma da sakacinmu: yaran Zango nawa ne ke karanta kimiyya har su kai ga zama su ne masu binciken? Ranar da mai riƙe da ludayin ɗan layinku ne, ba sai an roƙe shi ya dawo ba.

Dan_Asawase:
Tunda ga masana, a gaya mini amfanin jemagun nan na gidan zoo na Kumasi da na bakin asibitin soja na 37 a Accra. Ba su ne suka kawo cutar Marburg, mai kama da Ebola, ba? Me ya sa ba za a sare itatuwan a huta ba?

Zulai_Tek:
Ba su ba ne, Yaya. Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti a watan Yulin 2022, cibiyar Noguchi da ke Legon ta gano ta, aka tabbatar a Dakar, zuwa Satumba aka sanar ta ƙare. Jemagen da aka sani da ɗaukar wannan cuta na kogo ne da ramukan ma'adinai. Na kan itatuwa wani iri ne daban. Masu bincike na Ghana da Jamus sun ɗaura wa wasunsu na'ura a Accra, suka ga suna tafiya mai nisa cikin dare suna cin 'ya'yan itace, suna iya kai iri har kilomita 75. Itacen odum da kafintoci ke nema ido rufe yana cikin waɗanda suke shukawa. Su ma suna ɗauke da wasu ƙwayoyin cuta, shi ya sa ba a so a kama su ko a ci namansu. A ƙyale su a sama shi ne daidai.

Mai_Trotro_Circle:
Su daina yi mini kashi a gilashi kawai, mun shirya.

Injiniya_Bashir:
Ni inda nake ganin maganar Baban Hafsat ta fi ciwo shi ne galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. A nan an yi binciken, an faɗi sakamakon da babbar murya, amma ba a yi aiki da shi ba. Kowa ya ga launin kogunan Pra da Offin da Ankobra da Birim. A watan Agustan 2024 kamfanin ruwa ya ce laka a mashigar Sekyere Hemang ta kai ma'auni 14,000, alhali injinan an yi su ne don 2,000, shi ya sa Cape Coast da Elmina suka shiga ƙarancin ruwa. Ga sinadarin makuri da ake kama zinariya da shi a ƙona, hayaƙin ya shiga huhu, saura ya gangara kogi ya taru a jikin kifi, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da ɗan da ke ciki. Kuma mu mutanen Accra kada mu ce ba ruwanmu. Kogin Densu da ke cika madatsar Weija daga dajin Atewa yake fitowa, dajin da ake son haƙar bokzait, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, a cikinsa.

Alhaji_Sabon_Zango:
Injiniya, yaranmu nawa ne ke cikin ramukan nan? Da yawa. Ka ce wa wanda ba shi da aiki makuri zai kashe shi nan da shekara ashirin, ya ce maka yunwa fa, yau za ta kashe shi. Wannan ba aikin mai bincike ba ne kuma, aikin masu mulki ne.

UmmuKhalid_Madina:
Haka ne Baba. Amma don kada a ce ba a taɓa cin nasara ba, ni 'yar arewa ce, na tashi na ga kurkunu yana kwantar da manoma damina guda. Aka gano a ruwan tafki yake, aka raba ƙyallen tacewa, aka sa mutanen gari su da kansu suna lura da tafkin suna kai rahoto. A 2010 aka ga na ƙarshe, a 2015 aka tabbatar Ghana ta rabu da shi. Abin da ya sa ya yiwu, da yaren mutane aka yi musu magana, kuma 'yan garin ne suka riƙe aikin.

Baban_Hafsat_Nima:
To irin wannan nake nema. Zan kai maganar gaban mai unguwa: duk wanda zai zo bincike, kafin a ba shi ɗan rakiya ya rubuta ranar da zai dawo da bayani da Hausa. In ya ƙi, a ba shi haƙuri.

Sadik_Legon:
Ranar dawowa da wuya a iya yankewa Kawu, wani sakamakon sai ya shekara biyu. A dai karɓi sunan shugaban aikin da lambar kwamitin da ya ba su izini. Kuma ina jin tsoron kada a tsananta su koma wata unguwa, mu a bar mu babu wanda ya san halin da muke ciki.

Anti_Rabi_Nas:
Ba za su gudu ba Sadik, su ma suna buƙatarmu.

Hajiya_Mai_Waakye:
Sallama, yanzu na sauke tukunya na ga saƙo ya taru. Ni tambayata daban ce. Waken nan da aka ce an canja masa halitta, wanda aka fitar a Nyankpala, ya shigo kasuwa ne? Masu saye sun fara tambayata.

Zulai_Tek:
Songotra-T sunansa Hajiya, a 2024 aka fitar da shi. An sa masa abin da ke kashe tsutsar da ke huda furen wake da kwanso, don manomi ya rage feshi daga wajen sau takwas zuwa biyu. Najeriya ta riga mu, tun 2019 suka fitar da nasu daga Zariya. Hukumar da ke kula da irin wannan ta amince da shi, wasu ƙungiyoyin manoma kuma ba su yarda ba har sun je kotu. A ido ba za ki bambance shi da sauran wake ba.

Dan_Asawase:
To ni dai ba zan ci ba.

Hajiya_Mai_Waakye:
In ba a bambancewa ta yaya za ka san ba ka ci ba? Ni wanda ya fi damuna ma shi ne maganin da 'yan kasuwa ke barbaɗawa a buhu don kada ya yi ƙwari, wani buhun in ka buɗe har ido yake yaji. Zulai, wannan akwai mai auna shi kuwa?